Yadda Ake Kare Na'urorin But Ɗin Mota Daga Yoyon Ruwa, da Yadda Ake Ciro Safaya

Da yawa daga cikin motocin Beljiyam da ke yawo a titunanmu, ba a gaba kaɗai kayan wutarsu suke ba. BMW ta daɗe tana ajiye batir a but. Mercedes E-Class ta 2002 zuwa 2009, wadda makanikai ke kira W211, babban batirinta a but yake, haka nan akwatin fis na baya. Yawancin Toyota Prius da Camry mai haɗin batir da fetur sun ajiye ƙaramin batirinsu mai ƙarfin bolt 12 a baya. A Chrysler 300 da Dodge Charger kuwa batir na kusa da safaya, ƙarƙashin kafet. BMW 5 Series samfurin E60 ta yi ƙaurin suna a wannan fanni, domin akwai ƙananan na'urorinta da aka dasa a cikin ramin safayar kansa. A but ɗin motoci da dama kuma, ga amfilifaya mai ƙara ƙarfin sautin rediyo, ga na'urar da ke yin ƙara idan ka kusa buge wani abu a ribas, ga soket-soket na danja.

Ramin safaya shi ne wuri mafi gangare a but. Duk ruwan da ya samu hanyar shiga, can zai je ya kwanta, kafet ta rufe shi, mai mota bai sani ba. Sai wata rana danja ta ƙi mutuwa, ko batir ya riƙa sauka cikin dare, ko but ya ƙi buɗewa, a tafi wajen rewaya a yi ta canjin fis alhali cutar na ƙarƙashin taya. Wannan ne ya sa nake haɗa aikin biyu wuri guda: hannun da ya saba ɗaga kafet ya duba safaya, shi ne zai fara ganin ruwa.

Mataki na 1: Kwashe kaya, ka isa ga safaya

Ka faka a wuri mai lebur, ka ja birkin hannu, ka kashe mota ka zare makulli. Fitar da duk abin da ke but. Shimfiɗar ƙasa tana da madauki ko ɗan rami na sa yatsa. Wasu ma suna da ƙugiya da ake rataye ta a bakin but don kada ta faɗo maka a ka. A ƙarƙashinta za ka tarar da tire na soso ko roba mai ɗauke da jak da sifanar taya. Ɗaga shi a hankali, kana leƙa ƙasansa, domin a wasu motoci akwai waya a maƙale.

A tsakiyar safayar akwai noti mai kunne ko faifan roba da ya danne ta. Murɗa shi hagu. Idan tsatsa ta kama shi, fesa masa WD-40 ka ba shi 'yan mintuna, kada ka kawo guduma. Wannan tsatsar ma shaida ce, ruwa ya taɓa kwana a wurin. Wasu motocin Mazda, Audi da Nissan masu sautin Bose suna da sifika zagayayyiya zaune a cikin wilin safaya. Zare soket ɗinta tukuna, ta hanyar danna ɗan harshen da ke jikinsa, sannan ka ɗauke ta. Kada ka ja ta wayar.

Ba kowace safaya ke cikin but ba. Ta Hilux da yawancin Highlander a ƙarƙashin mota take, ana sauke ta da sarƙa ko igiyar ƙarfe. Ta Sienna samfurin 2004 zuwa 2020 tana ƙarƙashin tsakiyar mota, notin saukewarta kuma yana ɓoye a kafet ɗin layin kujeru na biyu, ɓangaren dama. Tsofaffin RAV4 da CR-V a bayan ƙofa suke goyon tasu. BMW da dama ba su zo da safaya ba ko kaɗan, tayoyinsu irin waɗanda ke iya 'yar tafiya bayan sun yi faci ne. In motarka cikinsu take, kuma an riga an canza mata tayoyin gama-gari kamar yadda aka saba yi a nan, to tafiya kake ba madogara, ka nemi safaya da jak tun kafin ka hau doguwar hanya.

Mataki na 2: Karanta abin da ramin ke gaya maka

Haska tocila. Ruwa a kwance ba ya buƙatar bayani. Amma ko wurin a bushe yake, duba layin laka a bangon ramin, wanda ke nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa. Matsa soson da ke ƙarƙashin kafet da hannu, don sama kan bushe ƙasa na jiƙe sharkaf. Warin rima, gumi a gilas ɗin baya da safe, jak mai tsatsa, kore-kore ko farin gari a bakin soket, duk magana ɗaya suke yi. Buɗe murafen gefe biyu, hagu da dama, ka leƙa aljifan da ke bayan tayoyin baya. Batir da amfilifaya galibi a nan suke, kuma ruwa na son wurin.

Kafin ka zargi motar, tambayi kanka me ka ɗauka a makon. Jarkar ruwa mai sakakken murfi, ledar fiya wata da ta fashe, ƙanƙarar biki, kular da ta kife. Ruwan da ya fito daga ciki ba shi da wata ƙofa da za a toshe, sai dai a canza hali: a sa tabarmar roba mai tudun baki, ko a dasa jarka cikin baho.

Mataki na 3: Idan ka tarar da ruwa a kan na'ura

Kada ka kunna mota don ka ga ko tana aiki. Ruwa da wuta a tare su ke cinye ƙafafun soket da allon na'ura. Cire kan batir na nagatif, mai alamar ragi, shi ake fara cirewa kuma shi ake mayarwa a ƙarshe. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa: in batir a but yake, makullin but ɗin kuma na lantarki ne, ka cire kan batir ka rufe murfi, to ka kulle kanka a waje. Ɗora tsumma a kan maƙallin don kada ya kama, ka bar gilas ɗaya a sauke.

Mai mota irin su Prius, duk wayar da ka gani mai ruwan lemo ta babban batir ce, wutarta na iya kisa. Kada ka taɓa ta, kada ka bar yaron gareji ya taɓa ta. In ruwa ya kai wurin, aikin wanda ya san irin motar ne.

Kwashe ruwan da kofi da soso. A gindin ramin akwai toshiyar roba da za ka iya turawa ragowar ya zube, amma ka mayar da ita idan an gama. Wasu na cire ta gaba ɗaya, wasu ma su sa a huda ramin, wai ruwa ya riƙa wucewa. Ban yarda da wannan ba. A watan Agusta, idan ka shiga kwalbatin da ya cika, ta wannan hudar ruwa zai taso daga ƙasa, a rani kuma ƙura da hayaƙin salansa su samu ƙofa.

Ɗauki hoton yadda wayoyi suke kafin ka zare komai. Cire soket ɗaya bayan ɗaya, fesa musu maganin wanke soket da ake sayarwa a shagunan kayan wuta, ka goge koren da tsohon buroshin haƙori. Ban da fetur, ban da ruwan omo. Na'urar da ta sha ruwa a ajiye ta a inuwa mai iska, ko gaban fanka, kwana ɗaya zuwa biyu. Kafet da soso su kam a baza su a rana har su bushe ƙarau, domin in ka mayar da su da danshi, aikin banza ka yi.

Mataki na 4: Nemo ƙofar da ruwan ke bi

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ake gajen haƙuri. Kuna buƙatar mutum biyu, tiyo ko bokiti da moɗa, da tocila. Cire shimfiɗun gefe yadda ƙarfe zai fito fili. Kwantar da kujerun baya, mutum ɗaya ya leƙo daga cikin mota yana haskawa. Kada a rufe kowa a but, balle yaro. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 2002 suna da madaukin buɗewa daga ciki mai haske a duhu, amma ba abin dogaro ba ne a tsohuwar mota.

Zuba ruwa a hankali, daga ƙasa kana hawa sama. In ka fara daga rufi, ruwa zai jiƙa ko'ina lokaci guda, ba za ka san wanda ya yi laifi ba. Tsaya minti biyu ko uku a kowane wuri. In babu mataimaki, barbaɗa hoda a bangon but ɗin. Ruwa zai zana maka hanyarsa a jiki.

Fara da danja. A bayan kowace fitilar baya akwai soso ko roba da ke tsakaninta da jikin mota, zafin ranarmu kuma yana busar da shi ya tsage. Shi ne na farko da nake zargi, musamman in an taɓa canza danjar da ta gwanjo ko kuma an ɗaure ta da noti biyu maimakon uku.

Sai robar bakin but. Bi ta da yatsa kana neman tsagewa, ko inda ta lotse ta daina tasowa. Saka takarda tsakanin murfi da roba ka rufe, ka ja. In ta zare ba turjiya, wurin ba ya kamawa. Gwada haka a wurare da dama. Wani lokaci robar lafiyarta lau, murfin ne ya karkace.

A bayan bamba, gefe da gefe, akwai 'yan tagogi masu lebatun roba da ke fitar da iska idan an rufe ƙofa. Mutane da yawa ba su san da su ba. In lebatun ya yage ko tagar ta fita daga mazauninta, ruwan da taya ke fesowa kai tsaye aljihun batir zai shiga. Kada a toshe su da gam, aiki suke yi. A canza su.

Motar da aka taɓa bugewa ta baya sai an yi mata kallon tsanaki. Kamfani na shafe duk mahaɗar ƙarfe da wani gam na musamman. Fanel bita zai miƙe ƙarfe, ya yi walda, ya shafa fila, a yi fenti ta yi kyau, amma sau da yawa ba a mayar da wannan gam ɗin. Motocin gwanjon Amurka da yawa da haɗari suka iso, a nan aka gyara su, don haka ko kai ba ka taɓa bugewa ba, duba mahaɗar da ke ƙarƙashin robar but da kewayen danja.

In motar mai rufin gilas ce, tana da ƙananan tiyo a kusurwoyin rufin da ke sauke ruwa ƙasa, na baya kuma ta gefen but suke bi. Ƙurar hunturu na cika su, ruwan farko ya mai da ita laka, su toshe ko su zare daga mahaɗa. Buɗe rufin, zuba ruwa kaɗan a kwatar, ka ga ko zai fito ƙarƙashin mota. In bai fito ba, zura lallausar igiyar roba a hankali. Ban da wayar ƙarfe, ban da iskar mai faci da ƙarfinta, domin tana iya fizge tiyon a inda hannu ba ya kaiwa. Ragowar wuraren ba su da wuyar dubawa: gindin eriya, hudojin lambar mota, fitilar birki ta sama, da robar da wayoyi ke ratsawa zuwa murfi.

Mataki na 5: Gyara, sannan ka kare na'urorin

Abin da ya tsage a canza shi. Sabon soson danja ko robar but sun fi arha nesa ba kusa ba a kan na'ura ɗaya da za a saya kuma a nemi mai kwamfuta ya saita ta da motar. Mahaɗar ƙarfe a kankare tsatsa, a shafa gam ɗin jikin mota. Silikon ɗin banɗaki ba na nan ba ne. Mai warin tsami ma tsatsa yake jawowa, kuma fenti ba ya kama shi. Bayan gyara, a maimaita gwajin ruwa kafin a mayar da kafet.

Na'urar da ke zaune a gindin rami, in wayarta na da tsawo, rewaya zai iya ɗaga ta ya ɗaure a bango. Kada a naɗe ta a leda. Leda na tara gumi, amfilifaya kuma tana buƙatar iska don ta huce. Ɗan man soket a bakin roba ya wadatar. Batirin but yana da siririn tiyo a gefensa da ke fitar da iskarsa waje. Masu canza batir kan manta da shi, ka tabbata an mayar. Ka kuma gaya wa masu wankin mota su daina kafa bakin injin feshi a kan danja da bakin but.

Mataki na 6: Mayar da safaya a shirye

Auna iskarta kafin ta koma. In 'yar siririyar safayar nan ce ta wucin gadi, tana son 60 a geji, kusan ninki biyu na sauran tayoyi, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ta kai ka wurin mai faci ce, ba ta Kano zuwa Abuja ba ce. Duba shekarunta a gefenta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, misali 2318, na nufin mako na 23 a 2018. Wadda ta kai shekara 10 a canza ta ko ba ta taɓa taka ƙasa ba. Gwada sifanar a notin tayarka, domin ana yawan samun motar da aka canza mata wili, sifanar ba ta shiga. Shafa wa jak giris, ka ɗaure notin tsakiya da kyau don kada tayar ta riƙa tsalle tana dukan wayoyi.

Daga Yuni zuwa Satumba, ɗaga kafet sau ɗaya a mako, da kuma washegarin duk wani ruwa mai ƙarfi ko wankin mota. A rani sau ɗaya a wata ya isa. Tiyon rufin gilas kuwa a wanke su a watan Mayu, kafin ruwa ya sauka a kan ƙurar da suka tara.