Yadda wanda ya daina imani zai tsara rayuwa mai ma'ana a Yamai

Wannan jagora ba musu ta zo yi kan akwai Allah ko babu ba. An rubuta ta ne domin mutumin da ya riga ya tsinci kansa ba ya imani, yana zaune a Bukoki ko Talaje ko wata unguwa ta Tawa, kiran salla na shigo masa ta taga sau biyar a yini, shi kuwa yana tambayar kansa don me yake tashi da safe. Irin wannan mutum yana cikinmu ko da bakinsa a rufe yake, kuma ya cancanci ya rayu da kwanciyar hankali.

Abin da za ka fara ganewa shi ne addini abubuwa da yawa yake riƙe wa mutum a lokaci guda. Shi ke raba maka yini, shi ke ba ka jama'a, shi ke auna maka daidai da kuskure, shi kake kamawa ranar da aka yi rasuwa. In imani ya tafi duk sai su girgiza tare, ka ɗauka rayuwar ce gaba ɗaya ta zama fanko. Halinka kamar na wanda ya bar babban gida ya kama haya ne: sai ran nan yake sanin gishiri ma saye ake yi. Kowane ɗaya ana sake gina shi, amma da tsari.

Kafin komai, kame baki da yatsa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar sanarwa. Mutum ya ji kamar ya gano wani abu, sai ya hau Facebook yana tsokana, ko ya tayar da zancen a fada ana tsakar shayi. Kada ka yi. A Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. A Najeriya an kama Mubarak Bala, wani da ya bayyana barin addini, a Afrilun 2020 kan rubutunsa na Facebook, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. A Nijar ma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2024, ta tanadi ɗauri kan yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a.

Ga kuma maganar gida. Aure da saki da gado a nan galibi bisa al'ada ake warware su, al'adar kuwa fiƙihun Malikiyya take bi, inda ridda ke raba aure ta hana gado. Wannan ya fi yi wa mace nauyi, musamman mai 'ya'ya da ba ta da abin hannunta. Saboda haka ba kanka aƙalla shekara guda ba ka bayyana wa kowa ba, sai mutum ɗaya ko biyu da ka taɓa gwada amanarsu a wata magana mai nauyi. Shi ma baki da baki, kada a WhatsApp, domin saƙon murya ana tura shi gaba. In har ka yanke shawarar faɗa wa iyali, ka tabbata kana da wurin kwana da abin da zai riƙe ka wata shida ba tare da su ba. Sa wa waya mabuɗi, kada kuma ka bar wa ƙanne ita suna kallo.

Yin shiru ba ƙarya ba ne, abin da ke zuciyarka naka ne. Iyakar da za ka kiyaye ita ce kada ka ci riba da addinin da ba ka yarda da shi ba: kada ka shiga gaba ka ja salla, kada ka rantse da Alƙur'ani don ka sayar da kaya. Da azumi kuma kada ka ci a gaban mutane, wannan ladabi ne.

Mayar wa yini da ƙashinsa

Salloli biyar agogo ne. Wanda ya bar su a zuci sau da yawa barcinsa ke fara lalacewa: ya kwana a waya har ƙarfe uku, ya tashi da hantsi jiki a mace, sai ya ɗora laifin kan rashin ma'ana alhali rashin barci ne. Kafa wa yini turaku uku. Tashi a lokaci ɗaya kullum, asuba ta fi, don a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 40 kuma da rana ba abin da ke yiwuwa. Yi tafiyar ƙafa ta minti 30, sau biyar a mako, wanda ya cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Da dare kuma ɗauki kaye da bik, minti goma, ka amsa tambaya uku: wa na amfana yau, wa na ɓata wa, me zan gyara gobe. Ayyuka kaɗai za ka rubuta, ban da aƙida, don kaye na iya faɗawa hannun wani. Daga nan waya ta kwana nesa da shimfiɗa.

Zaɓi aikin da wani zai ji in ka fasa

Nan ne gundarin maganar. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya rubuta a 1946 cewa mutum na samun ma'ana ta hanya uku: aikin da ya yi, wanda ya ƙaunata, da yadda ya tsaya gaban wahalar da ba ta da makawa. Hanyoyin nan a buɗe suke ga mai addini da marar addini. A aikace, ma'ana takan biyo bayan ɗaukar nauyi, ba ta cika zuwa wa mai zaman tunani a ɗaki ba. Ma'aunin aikin da ya dace guda ne: in ka fasa zuwa, akwai wanda zai ji a jikinsa?

Ba da jini na cikin mafi sauƙi. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro na ƙarar da jinin ƙananan yara, ga mata masu haihuwa da ke zubar da jini. In ka kai shekara 18, nauyinka ya kai kilo 50, kana da lafiya, je cibiyar ƙarin jini ta ƙasa da ke Yamai, ko sashen jini na babban asibiti in kana Tawa. Ci abinci ka sha ruwa kafin ka tafi, domin masu jiri galibi da yunwa suka je. Za a auna ka, a ɗebi kamar mililita 450 cikin minti goma, ka huta kaɗan ka tashi. Namiji na iya komawa bayan wata uku, mace bayan huɗu. Rubuta ranar komawa a kayenka tun kana wurin.

Koyarwa ta fi ɗaure mutum. Ɗauki yara biyu ko uku na maƙwabta da karatu ko lissafi ke ba wuya, awa ɗaya, sau biyu a mako, a tsayayyun ranaku, a zaure ko ƙofar gida inda iyayensu ke gani. Kada ka wuce uku, kada kuma ka taɓa zancen addini da su, amana aka ba ka. Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne zumuɗin farko: a tara yara goma sha biyar, a gaji cikin wata ɗaya.

Sai itace. Kowace 3 ga Agusta ana dashe a ƙasar nan, da yawa kuwa ba sa ganin damina ta gaba, saboda an dasa an tafi. Dasa biyu kawai, dogon yaro ko mangwaro, tun damina na da ƙarfi. Haƙa rami faɗi da zurfi santimita 40, gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, yanke ledar ka cire ta gaba ɗaya ba tare da ka fasa ƙasar saiwa ba, ka bar ɗan kwari a gindi don ruwa ya tsaya. Kewaye shi da ƙaya ko waya a ranar, in ba haka ba awaki sun gama da shi kafin sati. Da rani ba shi bokiti ɗaya sau biyu a mako har shekara biyu.

Game da kuɗi, ware kaso tsayayye, misali ɗaya cikin ashirin: mai samun jika 60 a wata ya cire jika uku ranar da kuɗin suka shigo, ya ɗora su kan abu ɗaya sananne, maganin wata tsohuwa ko kayan lakwal na maraya. Kada ka jira ƙarshen wata, ba abin da zai rage.

Kada ka bar jama'a

Binciken jami'ar Harvard da aka fara a 1938, wanda ya bi rayuwar mutane shekaru da dama, ya nuna kyawun dangantaka na cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da lafiya da jin daɗi a tsufa. Bahaushe ya riga ya ce zumunta a ƙafa take. Je suna, je ɗaurin aure, je ta'aziyya, zuba adashe, zauna a fada har a sha shayi na uku. In zance ya juya kan addini, ɗauki buta ka hura gawayi, ba dole sai ka ce wani abu ba. Abokan intanet da ke wata nahiya ba za su kai ka asibiti da tsakar dare ba. Ka kuma yi hattara da raina masu imani. Inna da ke tashi asuba tana yi maka addu'a ƙaunarka take yi, amsa mata da ladabi.

Ma'aunin hali kuwa ba sai ka je nesa ba. A 1974 masani Anthony Kirk-Greene ya tattara halaye goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Musulunci ya raine su ƙwarai, amma mai bin ka bashi a kasuwar Katako cikar alkawarinka yake dubawa. Ɗauki ɗaya kowane mako ka auna kanka da shi a kayen dare.

Tsoro da mutuwa

Tsoron wuta ba ya tafiya rana ɗaya da imani, domin tun kana ƙarami ya shiga jikinka. Yakan taso da dare, ƙirji na bugawa. Tashi zaune, kunna fitila, sha ruwa, ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, har minti biyar. Kada ka buɗe bidiyon wa'azi ko na muhawara a wannan lokaci, duka biyun ƙara hura shi suke yi. Tambayoyin ka bar su sai da rana. Wasu bayan dogon nazari suna komawa ga addini, wasu ba sa komawa, kuma ba wanda ya isa ya yanke maka wa'adi.

Epikurus, masanin Girka da ya rasu shekara 270 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar cewa muddin muna nan mutuwa ba ta nan, in ta zo kuma mu ba ma nan. Wannan na rage wa wasu fargabar tasu mutuwar, amma ba ya share hawayen wanda ya binne ɗansa. A nan mutane kaɗai ke amfani. A gidan makoki kama aiki: shimfiɗa tabarmi, ɗebo ruwa, raka gawa, ce "ya haƙuri?" ka zauna. Kada ka kuskura ka gaya wa mai jimami ra'ayinka kan lahira. Koma bayan sadakar arba'in, lokacin da ƙafa ta ɗauke, ka tambayi abin da gidan ke buƙata.

A ƙarshe, rarrabe neman ma'ana da ciwon damuwa. In ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin baƙin ciki, ba ka jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, wannan aikin likita ne, karatun falsafa ba ya warkar da shi. Giya da tiramol ƙara zurfafa shi suke yi. Fara da asibitin unguwa, ko ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E. Ba dole ka faɗa wa likita aƙidarka ba, alamomin za ka lissafa masa da ranar da suka fara. In kuwa tunanin kashe kanka ya zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai: gaya wa amininka a ranar, ka ba shi duk magani ko makamin da ke ɗakinka ya ajiye, ya raka ka asibiti.