Ka danna Violin, Viola ya fito: kurakuran fayil ɗin sunayen sautuka

Duk wanda ya haɗa fiyano mai sautuka da yawa da kwamfuta ta hanyar MIDI, wato tsarin da kayan kiɗa na lantarki da kwamfuta ke aika wa juna saƙo da shi, ya san wannan takaicin: sau da yawa manhajar ɗaukar kiɗa lambobi zalla take nuna maka, daga 0 zuwa 127, babu suna ko ɗaya. Maganin abin shi ne ɗan fayil ɗin da ke gaya wa manhajar sunan kowace lamba. Kuskure na farko shi ne zaton cewa sautin yana cikin fayil ɗin. Ba ya ciki. Jerin sunaye ne kawai, sautin yana can cikin fiyanonka, don haka fayil ɗin wani samfuri ba zai ƙara maka komai ba, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su.

Sai kuma sauko da fayil ɗin da ba na manhajarka ba. Cakewalk yana karanta .ins, Reaper yana da .reabank, Pro Tools da Ardour suna amfani da .midnam, Cubase kuwa yana da nasa tsarin rubutun. Sauya wa fayil ƙarshen suna ba ya sauya abin da ke cikinsa.

Kuskuren da ya fi cin lokacin mutane shi ne bambancin lamba ɗaya. A cikin saƙon da ke tafiya daga kwamfuta zuwa fiyano, MIDI yana ƙirga sautuka daga 0 zuwa 127, amma littattafan kamfanoni da yawa suna rubuta su daga 1 zuwa 128. A tsarin General MIDI na 1991, wanda ya tsayar da jerin sautuka na bai-ɗaya, littafi ya ce Violin shi ne 41, alhali 40 ne ke tafiya zuwa fiyano. Idan ka kwafi 41 kai tsaye cikin fayil ɗin da ke ƙirga daga sifili, Viola, wato sautin da ke bin Violin a jerin, za ka ji, kuma haka jerin zai goce gaba ɗaya har ƙarshe. Kafin ka zauna buga sunaye ɗaruruwa, rubuta uku kacal ka gwada su. Ni a ganina wannan gwajin na minti biyu ya fi kowace dabara amfani.

Bayan wannan akwai batun rukuni. Tun da saƙon canza sauti, wato wanda ke gaya wa fiyano lambar sautin da zai kunna, ba ya wuce sautuka 128, fiyano mai sautuka dubu sai ya kasa su rukuni-rukuni, ana zaɓar rukunin da lambobi biyu, babbar ana kiranta MSB, tana tafiya ta saƙon sarrafawa mai lamba 0 (CC0), ƙaramar kuma LSB, ta mai lamba 32 (CC32). Mutane kan rubuta ɗaya su manta ɗaya. Kamfanoni ma ba su yi daidai ba: tsarin GS na Roland ya fi jingina ga CC0, XG na Yamaha kuwa yana zaɓar ire-iren sauti ta CC32, ya ware MSB 127 domin ganguna. A fayil ɗin Cakewalk lambobin biyu ake dunƙulewa: ka ninka MSB sau 128, ka ƙara LSB. MSB 8 da LSB 1 sun zama 1025. A Reaper kuwa daban-daban ake rubuta su. Kuma ka tuna, zaɓen rukuni shi kaɗai ba ya sauya komai sai saƙon canza sauti ya biyo bayansa.

Wurin samun lambobin gaskiya shi ne jerin sautukan da kamfanin ya buga tare da littafin na'urar. Fayil ɗin da wani ya ɗora a intanet yana iya zama daidai a rukunonin kamfani, amma rukunin da mai fiyano ke ajiye nasa sautukan, wanda ya ɗora fayil ɗin sunayen nasa sautukan ya rubuta, ba naka ba, sai ka gyara su da hannunka.

Idan ka gama, ka ajiye shi a matsayin rubutu zalla, ba da Word ba. Ka duba kuma ko Windows ya ɓoye .txt a ƙarshen sunan, domin sau da yawa wannan ne ke sa manhaja ta ƙi ganin fayil ɗin da babu abin da ya same shi.