Yadda ake jagorantar kamfanin da ke taya ƙungiyoyin agaji neman tallafi

Ƙungiyar agaji ba ta cika kiran mai ba da shawara ba sai ta shiga matsi: ana son gina asibiti ko makaranta, ko babban mai tallafi ya janye hannu. Don haka duk inda ka shiga, mutanen da hankalinsu ya tashi za ka tarar, suna jiran ka ce musu komai zai yi daidai. Aikinka shi ne ka gaya musu gaskiya, sannan ka bar su sun iya nema da kansu.

Fara da yadda za a biya ka. Kada ka yarda da la'ada, wato a yanka maka wani kaso cikin abin da aka tara. Ƙungiyar ƙwararrun wannan sana'a mai hedikwata a Amurka, AFP, ta hana membobinta hakan a dokokinta, kuma ina ganin ta yi daidai. Mai jiran la'ada zai matsa wa mutum ya ba da kaɗan yau, alhali da an yi haƙuri shekara guda da ya ba da ninkinsa. Ranar da mai gudummawa ya gano wani na cin kaso cikin kyautarsa kuwa, amana ta tafi. Ka yanka kuɗin aikinka tun farko, a rubuce, ko a kan wata ko a kan aikin gaba ɗaya. Ma'aikatanka ma haka za ka biya su.

Daga nan sai bincike, kuma nan ne ake gane shugaba. Kafin a buga ko takarda ɗaya, ka zauna da mutum 30 ko 40 daga cikin waɗanda ake sa ran za su bayar, kowa shi kaɗai, a asirce. Ka tambaye su yadda suke ganin ƙungiyar, ko sun yarda da shugabanninta, da abin da za su iya bayarwa. Sai ka zana jadawalin kyaututtuka, wato jerin kyaututtukan da ake bukata da girman kowace, daga babba zuwa ƙarama. A ƙa'idar da masu sana'ar ke bi, kyauta mafi girma takan kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na abin da ake nema, kuma kowace babbar kyauta tana bukatar mutum uku ko huɗu da za a tunkara. Idan miliyan 100 ake so, dole a sami wanda zai iya ajiye miliyan 10 shi kaɗai.

To idan babu fa? Sai ka ajiye jadawalin a gaban shugaban ƙungiyar, ka ɗora yatsa a layin farko, ka ce: "Ranka ya daɗe, wa za mu rubuta a nan?" In aka yi shiru, amsa ta fito. Ka ba da shawarar a rage adadin ko a jinkirta. Wataƙila ka rasa kwangilar, amma gara haka da ka ja su su yi shela a bainar jama'a su kasa cikawa. Wannan zaman, kada ka tura ƙaramin ma'aikaci. Labari marar daɗi shugaba ne ke kai shi.

In an amince a ci gaba, 'yan kwamitin amintattu su ne za su fara bayarwa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ba a bar ko ɗaya ba. Wanda bai sa nasa ba, da wane baki zai roƙi wani? Sannan a tara aƙalla rabin kuɗin cikin sirri kafin a sanar wa duniya.

Kada ka zama kai ne mai roƙo. Mutane suna ba wanda suka sani, kuma kai baƙo ne mai wucewa. Ka horar da shugaban da 'yan kwamiti, ku yi gwaji a ofis: mai roƙon ya faɗi aikin, ya ambaci adadin ƙarara, sannan ya kama bakinsa. Shirun nan shi ya fi wuya. Da yawa sukan tsorata su fara rage adadin tun mutumin bai buɗe baki ba.

Bayan kuɗi sun shigo, a yi godiya cikin sa'o'i 48, daga baya a kai rahoton abin da aka yi da su. Kuɗin da aka bayar don rijiya, rijiya za su tafi. In bukata ta canza, a koma a nemi izinin mai su. Ƙididdigar da ake yi a Amurka ta daɗe tana nuna cewa fiye da rabin masu bayarwa ba sa dawowa a shekara ta gaba, musamman sababbi, kuma riƙe tsohon mai bayarwa ya fi neman sabo sauƙi.

A cikin kamfaninka, kada ka karɓi ayyukan da suka fi ƙarfin ma'aikatanka. In an yi nasara, sunan ƙungiyar za a ambata da na ma'aikacin da ya sha wahalar. Ka kafa doka mai tsauri cewa sunayen masu gudummawar wata ƙungiya ba sa tsallakawa zuwa wata, ko da wasa.

Tun a takardar yarjejeniya ka rubuta ranar tafiyarka. Wata uku kafin ranar, ka miƙa kundin bayanan masu bayarwa, da jadawalin alƙawuran da ba a cika ba, ga ma'aikacin ƙungiyar da ka horar, shi zai riƙa jagorantar taron mako-mako.