Yadda na shawo kan tsofaffin kwamfutocin da suka ƙi shiga domen

Ranar Litinin da safe kwamfutoci uku a ofishinmu suka ƙi barin kowa ya shiga domen, wato tsarin da ke haɗa kwamfutocin ofis ƙarƙashin babbar kwamfuta guda mai riƙe da asusun kowa. Tsofaffi ne, masu Windows 7. Ka sa suna da kalmar sirri daidai, su yi kememe. Na canza wayar netwok, na duba DNS (mai fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta), komai lafiya lau, saba, wato babbar kwamfutar, ma tana amsawa. Rabin wuni ya tafi a banza.

Sai da na shiga ta asusun admin na cikin kwamfutar kanta, wanda ba ya bi ta domen, idona ya kai kan agogo: wai 2009 muke ciki! Ashe batirin CMOS ne ya mutu, ɗan mitsitsin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai riƙe wa kwamfuta agogo idan babu wuta. Babu wuta duk ƙarshen mako, agogo ya koma baya. Shi kuwa Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya lamunta a samu saɓanin fiye da minti 5 tsakanin kwamfuta da saba.

Na sa sabbin batura, na gyara kwanan wata a BIOS (saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi), na buga w32tm /resync, umarnin da ke daidaita agogo da na saba. Biyu suka shiga nan take. Ta ukun ta kafe, sai da na cire ta daga domen na sake haɗa ta.