Yadda Ake Yini Cikin Shiru Tare da Jama'ar Quaker

Jama'ar Quaker, wata ƙungiyar addini ce mai tushe a Kiristanci wadda mabiyanta suke kiran junansu Abokai; sun samo asali ne daga wa'azin George Fox a arewacin Ingila wajen shekarar 1652, kuma har yau ibadarsu a Birtaniya zama ce tare cikin shiru, babu limami, babu waƙa, babu huɗubar da aka shirya tun daga gida. Taronsu na Lahadi yakan ɗauki kimanin sa'a guda, amma lokaci zuwa lokaci sukan ware yini sukutum, daga hantsi zuwa la'asar, domin shiru da tunani, ko a ɗakin taron unguwa ko a wani gidan keɓewa irin Swarthmoor Hall da ke kusa da garin Ulverston, gidan da Margaret Fell ta buɗe wa Fox da mabiyansa na farko. Ba sa tambayar baƙo addininsa a bakin ƙofa.

Kafin ka tashi, ka tabbatar da irin taron da za ka halarta, domin ba duk Abokai ne suke ibadar shiru ba. A Kenya, inda suka fi yawa a duniya, galibin majami'unsu suna da fasto da waƙoƙi da wa'azi. Wanda yake Ghana kuwa zai sami masu zaman shiru a taron Hill House da ke Achimota a birnin Accra. Ka tambayi masu shirya ranar lokacin farawa da batun abinci, domin sau da yawa kowa yakan zo da ɗan abin da ya dafa a haɗa a ci tare. Idan kai Musulmi ne, ka sanar da su tun da wuri cewa za ka fita sallar azahar, don a nuna maka wurin alwala da inda za ka shimfiɗa dardumarka ba tare da ka nemi bayani a tsakiyar shiru ba.

Ka isa da wuri, ka kashe waya gaba ɗaya. Ɗakin ba shi da ado: kujeru ne a zagaye ko a murabba'i suna fuskantar juna, da ƙaramin tebur a tsakiya mai ɗauke da furanni da Littafi Mai Tsarki da littafinsu na imani da aiki. Zaman yana farawa ne da zarar mutum na farko ya zauna, saboda haka babu wanda zai yi sanarwar buɗewa. A nan ne Bahaushe yakan fi jin nauyi, domin shiga ɗaki cike da dattawa ba tare da sallama ko tambayar kwana da gajiya ba abu ne da tarbiyyarsa ta ƙi. Ka daure ka nemi kujera ka zauna, gaisuwar tana nan tafe a lokacin shayi, kuma babu wanda zai ɗauke ka maras ladabi.

Mintunan farko su ne mafi wuya. Jiki zai nemi motsi, zuciya kuma za ta ɗauko bashin da ake binka da saƙon da ba ka amsa ba da maganar da wani ya faɗa maka shekaranjiya. Kada ka yi kokawa da waɗannan tunane-tunane, ka bar kowanne ya zo ya wuce, sannan ka dawo da hankalinka ɗakin. Wasu sukan riƙe aya ɗaya ko addu'a gajera suna maimaitawa a zuci, wasu kuma sukan bi fuskokin mutanen da ke zaune ɗaya bayan ɗaya suna yi musu fatan alheri, abin da Abokai suke kira riƙe mutum cikin Haske. A ganina wannan hanya ta biyu ta fi taimakon baƙo, domin tana tuna masa cewa ba halwa ya shiga shi kaɗai ba. Shirun na kowa ne, kowa kuma yana da hannu wajen riƙe shi, har mai tari da mai gyangyaɗi, waɗanda ba a rasa su a kowane zama.

Wani lokaci mutum zai miƙe ya yi magana ta minti biyu ko uku ya koma ya zauna. Ba a tafa masa, ba a amsa masa, ba a yi masa gyara ko da kana ganin ya yi kuskure. Ana barin shiru mai tsawo kafin wani ya tashi, kuma al'adarsu ita ce mutum ya yi magana sau ɗaya kacal a zama guda. Idan ka ji kamar ka ce wani abu, ka tambayi kanka ko maganar ta jama'a ce ko taka ce kai kaɗai, ka kuma jira ka ga ko za ta lafa. Yawancin baƙi ba sa cewa komai a ranar farko, kuma hakan daidai ne.

Sauran yinin ya fi sauƙi. Akan karanta ɗan guntun nassi, sau da yawa daga ƙaramin littafinsu na nasihohi da tambayoyi mai sakin layi 42, sannan a sallami kowa ya zaga lambu ko ya rubuta abin da ke ransa, don haka ka zo da littafin rubutu da biro da rigar sanyi. A wasu wurare har abincin rana cikin shiru ake ci, sai ka lura da na kusa da kai ka miƙa masa ruwa ko gishiri kafin ya nema.

Da yamma akan sake taruwa, kowa ya faɗi abin da ya samu idan yana so, ba tare da muhawara ba. Zaman yana ƙarewa ne idan dattawa biyu suka yi musabaha, sai kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu. Daga nan ne za ka gabatar da kanka, da sunanka kawai, domin Abokai ba sa amfani da laƙabi irin Dokta ko Farfesa, sannan ka taya su kwashe kofuna da mayar da kujeru wurinsu.