Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Fahimtar Mayafan Gargajiya Masu Aikin Zare

Mutane da yawa suna ɗauka duk mayafin da ya sha ado aikin allura ne, alhali ba haka ba ne. Mayafan Pavlovsky Posad na Rasha, masu manyan furanni, buga musu zane ake yi da rini, na garin Paisley na Sukotland kuwa, waɗanda suka kwaikwayi na Kashmir a ƙarni na 19, saƙa ne. Bambance su bai da wuya: a juya mayafin a shafa bayansa, domin aikin allura yakan bar sawun zaren da ya huda ƙyalle, shi kuwa bugaggen zane ba abin da yatsa zai ji.

Akwai kuma dogaro da suna wajen tantance asali. Mayafin alharini mai geza da matan Sifaniya ke yafawa a bukukuwa ana kiransa manton na Manila, amma a ƙasar Sin, musamman Kanton, aka riƙa yi masa aiki. Manila ta ƙasar Filifin zango ce kawai da jiragen ruwa ke ɗaukar kaya zuwa Akapulko ta Meziko, hanyar da ta yi aiki daga 1565 zuwa 1815.

Kuskuren da ya fi muni a ganina shi ne neman ma'ana a cikin fure ko launi kaɗai, ba tare da tambayar wa ya bayar, wa aka ba, kuma a wane buki ba. Mayafan phulkari na yankin Punjab da ke Indiya da Pakistan sun isa misali. A gargajiyance ana yinsu ne a kan auduga saƙar hannu da zaren alharini marar murɗi, mai aikin tana ɗinki ta bayan ƙyallen tana ƙirga zare ɗaya bayan ɗaya. Wanda ake kira chope kakar amarya ta wajen uwa ce ke bayarwa, shi kuwa mai suna “vari da bagh”, wanda zare ya rufe shi ruf har ba a ganin ƙyallen, daga dangin ango yake fitowa. Wanda bai san wannan ba zai ce duka biyun “mayafin amarya” ne, ya zubar da labarin zumuntar da ke cikinsu. Haka ma fari: a can thirma mai farin ƙyalle na dattijai mata ne da waɗanda mazajensu suka rasu, don haka ba daidai ba ne a fassara shi da mizanin Turai, inda fari ke nuna amarci.

Masu gyaran tsofaffin mayafai su ma suna yin ɓarna da kyakkyawar niyya. A jikin bagh, wato phulkarin da zare ya rufe shi ruf, akan ga ɗan wurin da launi ya saɓa wa sauran, sau da yawa baƙi ko shuɗi a kusurwa, sai mai gyara ya ɗauka kuskure ne ya warware shi. Da gangan aka sa shi don kare mai mayafin daga kambun baka, kuma abin da ya dace shi ne a bar shi yadda yake, a rubuta inda yake a cikin bayanin mayafin.