Darasi na Tara: Karatun Zanen Mutum da Dabba

A darussan baya mun koyi haɗa baƙi da wasali. Yau kuma za mu karanta abin da ba shi da baƙi ba shi da wasali, wato zane. Tun kafin ɗan Adam ya san rubutu yake zane a jikin dutse, kuma dabba ya fi zanawa. A tsibirin Sulawesi na ƙasar Indunisiya akwai hoton aladen daji a cikin wani kogo, wanda masana suka auna suka ce ya kai shekara 45,500.

Malami ya fara karanta labarin da ƙarfi. Bayan nan ɗalibai su karanta, kowa sakin layi ɗaya, ba gaggawa.

A shekarar 1940 wasu samari huɗu a ƙasar Faransa suka zura kai cikin wani rami, sai ga su a kogon da ake kira Lasko. Da suka haska fitila, suka ga bango cike da dawaki da bijimai da barewa, an zana su da jar ƙasa da baƙin launi kimanin shekara 17,000 da suka wuce. Dawakin kamar za su zabura. Ga tumbi, ga geza, ga ƙafa a ɗage. Wanda ya yi wannan aiki ya daɗe a laɓe yana kallon doki.

To, ina mutum a cikin wannan taron dabbobi? Mutum ɗaya tak aka zana a duk kogon, shi ma can ƙasa a wani lungu mai wuyar shiga. Jikinsa kamar kara, kansa irin na tsuntsu, ya faɗi ta baya a gaban wani ƙaton ɓauna da aka soke har hanjinsa ya zubo. Ku lura da kyau. Mai zanen da ya iya fitar da tsokar doki, ai ba gazawa ce ta sa ya yi mutum kamar sillen kara ba. Haka ya ga dama. A ganina ya faɗi matsayin da ya ba kansa ne a cikin daji: ƙarami, mai rauni, baƙo a gidan wasu. Wani abin kuma, ƙasusuwan da aka tono a wurin sun nuna cewa wata barewar ƙasashen sanyi ce mutanen suka fi farauta, amma da ƙyar ake ganinta a bangon. Ke nan ba ciki kaɗai ke sa mutum ya zana dabba ba.

An buɗe kogon ga masu kallo a 1948, aka rufe shi a 1963, domin numfashin jama'a ya fara lalata zanen.

Mu juya zuwa hamadar Sahara. A tuddan Tasili da ke kudancin Aljeriya akwai zane da sassaƙa fiye da 15,000. A ciki akwai giwa, da dorina, da kada, da garken shanu tare da masu kiwonsu. Dorina a hamada? Eh. A wancan zamani wurin yana da koguna da ciyawa. Da ruwa ya janye, sai zanen ya sauya: bayan shanu aka koma zana dawaki, daga baya kuma raƙuma. Wanda ya bi hotunan bi da bi ya karanta tarihin bushewar ƙasa, ba tare da an rubuta masa kalma ko ɗaya ba. Kusa da garin Janet ma akwai wasu shanu da aka sassaƙa sun sunkuyar da kai kamar masu neman ruwa, da alamar hawaye a ido. Ana ce musu shanu masu kuka.

A Dabus kuwa, cikin hamadar ƙasar Nijar, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan dutse, babban ya haura mita 5. An fitar da kowane rodi na fatarsa ɗaya bayan ɗaya. Daga bakin kowanne akwai siririn layi da ya sauka har zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Wasu masana sun ce igiya ce, wasu sun ce alamar wata dangantaka ce tsakanin mutum da dabbar. Ku ma ku faɗi naku, kada ku ji nauyi.

Akwai kuma wanda ya zana bai gani ba. A 1515 aka kai wata karkanda daga Indiya zuwa Lisbon ta ƙasar Fotugal. Wani gwanin zane Bajamushe, Albrecht Dürer, bai taɓa sa ta a ido ba, wasiƙa da ɗan zanen wani kawai ya samu. Sai ya yi mata sulke kamar mayaƙi, ya sa mata ɓawo a ƙafafu irin na kifi, ya ƙara mata wani ɗan murɗaɗɗen ƙaho a doro. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har Turawa suka shafe shekara fiye da 200 suna kwafarsa a littattafai. Amma karkanda ba haka take ba. Gani ya kori ji.

Yanzu kowa ya buɗe littafinsa ya kwafi waɗannan kalmomi sau uku uku: kogo, zane, sassaƙa, garke, karkanda, raƙumin dawa. A kula da lanƙwasar ƙ, kada a mayar da ita k.

Sannan a amsa da baki: me ya sa aka rufe kogon Lasko? Wace dabba ce a Tasili ta nuna cewa an taɓa yin ruwa a wurin? A ina Dürer ya yi kuskure?

Aikin gida shi ne kallo. Kowa ya zaɓi dabba ɗaya, ko tsuntsu, ko ƙwaro, ya zauna ya zuba mata ido na minti 10, hannu ba alƙalami. Wace ƙafa take fara ɗagawa? Ina kunnenta ke juyawa in ta ji motsinka? Tana matsowa ko tana ja da baya? Bayan nan a ɗauki gawayi ko fensir a zana. Wanda ba ya son zana mai rai ya zana sawunta, ko sheƙarta, ko bishiyar da take fakewa. A sa kai ma a ciki, ko da alamar tafin hannu ce, a inda aka zauna. A ƙarƙashin zanen a rubuta jimla uku, ta farko ta fara da "Na ga". A zo da takardar darasi mai zuwa, ko da zanen bai yi kama ba.